Ina adireshin da ka gani jiya? Yadda ake shirya burauza ta adana shafukan intanet, ta kuma nemo maka su

Duk shekara, da zarar sakamakon BAC ya fito, hankalin iyalai da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai yakan koma kan intanet: inda ake rajistar jami'a, inda ake ajiye dosiyen neman bursu, inda ake sanar da konkur ɗin ɗaukar ma'aikata. Galibi ta WhatsApp adireshin waɗannan shafuka yake isowa, wani ya turo shi a zauren ƴan unguwa ko na tsofaffin abokan lakkol. A buɗe, a karanta, a ce sai gobe. Kafin goben ta yi, gaisuwar Juma'a da bidiyon wa'azi da sanarwar ɗaurin aure sun binne shi. Sai a koma Google ana lalube, mega na ƙonewa, ranar rufe karɓar takardu na matsowa. Wani ma a garin laluben yake faɗawa shafin bogi da aka ƙawata da tutar ƙasa, a ce ya turo kuɗin "buɗe dosiye".

Alhali maganin wannan wahala yana cikin wayar tun ranar da aka saye ta. Kowace burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda Faransanci ke kira navigateur, tana da ma'ajiyar adireshi. Chrome da Edge suna rubuta favoris, Firefox na rubuta marque-pages, Opera kuma signets. Duka abu guda ne, kuma a nan za mu kira shi alamar shafi, kamar tsinken da almajiri ke sakawa cikin littafi don ya gane inda ya tsaya. Dabarar ba sabuwa ba ce. Burauzar Mosaic ta 1993 tana da ita, Netscape ta yaɗa ta daga 1994, Internet Explorer ta kawo sunan da ya zama favoris a 1995. Shekara 30 da ɗoriya ke nan, amma har yau mutane da dama ba su taɓa danna ɗan tauraron nan da ke gefen layin adireshi ba. Waɗanda suka danna kuwa, da yawansu sun tara alamomi barkatai har sun daina leƙa su.

Ajiyewa ba ta da wuya. A kwamfuta, idan kana kan shafin da kake so, ka danna Ctrl da D tare, ko ka taɓa tauraron. A wayar Android mai Chrome, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama a hannun dama, za ka ga tauraron a jerin farko. Shi ke nan, an ajiye. Inda aikin yake shi ne daƙiƙa goman da ke biyo baya, kuma nan ne kusan kowa ke sakaci.

Sunan da za ka ba shi

Idan ka danna tauraron, burauza na ɗauko sunan da mai shafin ya ba shafinsa ta maƙala. Shafukan ma'aikatunmu kuwa, Allah ya shirye su, rabinsu sunansu "Accueil", sauran kuma "Actualités" ko "Communiqué". Wanda ya ajiye shafi 40 ba tare da ya taɓa sunan ba, bayan wata biyu zai tarar da "Accueil" bakwai a jere, bai san wanne ne na ANAB ba, wanne ne na ANPE. Don haka kafin ka rufe ɗan akwatin da ya buɗe, goge sunan ka rubuta naka. Ka'idar da nake bi ita ce, ka tambayi kanka: wace kalma ce za ta zo mini a rai ranar da nake neman wannan shafi cikin gaggawa? Ita za ka rubuta. "Bursu ANAB ajiye dosiye 2025" ya fi "Bienvenue sur notre site" amfani nesa ba kusa ba. Ba jarrabawar nahawu ba ce, babu wanda zai duba maka. Kalmomi huɗu ko biyar a jere sun wadatar: batun, hukumar, garin, shekarar.

A nan akwai wata matsala tamu ta ƴan Nijar da littattafan koyar da kwamfuta ba sa ambata, don ba su san da ita ba. Muna karatu da Faransanci, muna tunani da Hausa, kuma kowane gari namu yana da suna biyu. Labarin da aka buga da Zinder, kai a ranka Damagaram ne. Ka ajiye Tahoua, ka zo kana neman Tawa. Ka ajiye bourse, ka nemi bursu. Burauza ba ta san Niamey da Yamai gari ɗaya ba ne. Haruffa take gwadawa da haruffa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka zaɓi harshe ɗaya don sunayen alamominka ka tsaya a kai. Idan ka san ba za ka iya tsayawa ba, to rubuta duka biyun a cikin sunan: "farashin hatsi prix céréales Damagaram Zinder SIMA". Ba shi da kyan gani, amma ko ta wace ƙofa ka shigo za ka same shi.

Haka ma haruffanmu masu lanƙwasa. A wurin na'ura, ɗ da d haruffa ne daban, kamar yadda ƙ da k suke daban. Wanda ya rubuta "Maraɗi" a kwamfutar ofis, ya zo yana neman "Maradi" a wayar da ba ta da allon rubutun Hausa, yana iya tashi hannu wofi. Ni mai son a rubuta Hausa daidai ne, a jarida ba na yarda a bar lanƙwasa ko ɗaya. Amma sunan alamar shafi ba jarida ba ce, maɓalli ne. A nan shawarata a yi amfani da haruffa marasa lanƙwasa, a kuma rage dogaro da lafuzzan Faransanci irin su é da è, don a iya buga kalmar da kowace waya.

Sai batun dosiye, wato aljihunan da ake rarraba alamomi a ciki. Mutanen da suka yi karatun boko mai zurfi suna son wannan sosai: dosiye cikin dosiye cikin dosiye, kamar ma'ajiyar takardun ministan cikin gida. Ban ga amfanin hakan ba. Shafin RECA da ke bayani kan tsutsar da ke cin gero, a ina za ka sa shi, "Noma", ko "Maradi", ko "Aikin jarida"? Duk inda ka sa shi, ranar nema wani wurin za ka fara dubawa. Dosiye biyar ko shida manya sun isa, sauran aikin suna mai kyau ne zai yi shi. Firefox ta kwamfuta tana da abin da ya fi dosiye, wanda take kira étiquettes, mu ce laƙabi: shafi ɗaya kana iya liƙa masa laƙabi uku ko goma, "gero, kwari, maradi", ya fito ta kowanne. Chrome ba ta da wannan, shi ya sa mai Chrome zai zuba laƙabinsa cikin sunan kai tsaye.

Waɗanda kake buɗewa kullum, kamar akwatin wasiƙa, shafin banki, ko Le Sahel, su ne suka cancanci zama a layin da ke ƙarƙashin adireshi. Ctrl da Maj da B ne ke fito da layin ko ɓoye shi. Idan ka goge sunan alamar gaba ɗaya, ɗan tambarin shafin kaɗai zai rage, layin ya ɗauki shafuka da yawa.

Nema ba tare da buɗe komai ba

Yawancin mutane suna zaton sai an shiga menu, an buɗe jerin alamomi, an riƙa gangarawa da ido. Ba haka ba ne. Layin adireshin da ke sama shi kansa wurin nema ne. Da ka fara buga kalma, burauza na duba alamominka da tarihin shafukan da ka ziyarta, ta jero maka waɗanda suka dace. Illa dai tana cuɗanya su da shawarwarin Google, har naka ya ɓace a ciki. Akwai hanyar gaya mata cewa cikin ajiyarka kaɗai kake so ta duba.

A Firefox, ka buga alamar tauraro ta allon rubutu, wato *, ka bar fili, sannan kalmar da kake nema. "* bursu" zai fito da alamomin da ke ɗauke da wannan kalma kawai. Alamar ^ tana yin irin wannan aiki a cikin tarihi, alamar % kuma a cikin shafukan da suke buɗe a lokacin. A Chrome ta kwamfuta, tun ƙarshen 2022, ana buga @favoris idan burauzar da Faransanci take, ko @bookmarks idan da Ingilishi, a danna Tab, sannan a rubuta kalmar. Ga masu allon AZERTY, wanda shi ne a mafi yawan ofisoshinmu, ana samun @ ne da AltGr da maɓallin 0. Idan kuma kana son ganin dukan ajiyar, ka gyara suna, ka share, ka matsar, Ctrl da Maj da O zai buɗe maka ita a Chrome da Edge da Firefox, kuma akwai akwatin nema a samanta.

Kada a ce ai tarihi ya wadatar, tunda burauza na tuna duk inda aka je. Chrome kwana 90 kawai take riƙe tarihi a na'ura, daga nan ta share. Mai gyaran waya kuma abu na farko da yakan yi idan an ce waya ta yi nauyi shi ne goge tarihi. Alamar shafi ba ta bin wannan shara.

Alamar da ke yi maka bincike

Ga wata dabara da ƙalilan suka sani, kuma a ganina ita ce mafi daɗi a duk wannan sha'ani. Ana iya mayar da alamar shafi ta zama ƙofar bincike a cikin wani shafi, ba tare da an bi ta Google ba.

Ga yadda abin yake. Idan ka nemi kalma a shafin da ke da akwatin bincike, ka dubi adireshin da ya fito a sama, sau da yawa za ka ga kalmar taka a ƙarshensa. Ɗauki Wikipedia ta Hausa. Adireshin bincikenta shi ne ha.wikipedia.org/w/index.php?search= sannan kalmar da aka nema ta biyo. Idan ka cire kalmar ka sa %s a madadinta, ka samu ƙwarya wadda za a iya zuba kowace kalma a ciki. A Firefox, ka ajiye wannan adireshi mai %s a matsayin alama, ka buɗe gyaranta, a gurbin mot-clé ka rubuta gajeren suna, misali wh. Daga ranar, idan ka buga "wh Sarauniya Mangu" a layin adireshi, kai tsaye za ka faɗa cikin sakamakon Wikipedia. A Chrome ba ta alama ake bi ba, ta Paramètres ake shiga, a zaɓi Moteur de recherche, a gangara wurin bincike cikin shafuka, a danna Ajouter. Gurabe uku za ta nuna: suna, gajeren suna, da adireshin mai %s.

Shafukan jaridu da na hukumomi da yawa an gina su da WordPress ne, su kuma adireshin bincikensu yana ƙarewa da /?s= sannan kalmar. Ke nan ɗan jarida ko ɗalibi na iya yi wa kowane shafin da yake yawan tonawa gajeren suna na harafi biyu. Ribar ba ta saurin aiki kaɗai ba ce. Duk shafin da ka tsallake, mega ne ka adana, kuma a garin da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, buɗe shafi ɗaya maimakon uku shi ne bambancin samu da rashi.

Rumbunka ko rumbun wani

Tambaya ta gaba ita ce a ina alamomin suke kwana. Idan ba ka yi komai ba, cikin na'urar suke. Waya ta faɗa ruwa, ko an sace ta a tashar mota, ko mai gyara ya yi mata wankin ƙwaƙwalwa, sun tafi. Don haka kamfanonin suka kawo abin da suke kira synchronisation: ka shiga da asusunka na Google a Chrome, ko na Mozilla a Firefox, alamomin su hau intanet, duk na'urar da ka shiga da wannan asusu ka tarar da su. Abin da ka ajiye a kwamfutar ofis da safe, da dare yana wayarka. Firefox na kulle bayanan tun daga na'urarka ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karanta su. A Chrome sai ka je da kanka ka saka abin da take kira phrase secrète kafin ka samu irin wannan kulle. Ga ɗan kasuwa wannan ba wani abu ba ne. Ga ɗan jarida, lauya, ko ma'aikacin ƙungiyar farar hula, jerin shafukan da mutum ya ajiye yana faɗin abin da yake aiki a kai, kuma ya kamata ya san wa ke iya gani.

Sai dai asusun Google ɗin da yawancinmu ke amfani da shi, mai sayar da waya ne ya buɗe mana shi a tsaye a kasuwa, da kalmar sirrin da ba mu taɓa rubutawa ba, da lambar wayar da wataƙila mun daina aiki da ita. Ranar da aka sake waya sai a sake buɗe sabo, tsohon ya tafi da duk abin da ke ciki. Kuma tun Disamba 2023 Google ta fara aiki da ƙa'idar da ta ba ta damar share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Kafin ka dogara da wannan hanya, tabbatar ka san kalmar sirrinka, kuma lambar da ke maƙale da asusun tana hannunka.

Akwai kuma kamfanonin da aikinsu ke nan kacokan, su riƙe wa mutane alamominsu a intanet. Tarihinsu ya isa a yi hattara. Wanda ya fi shahara shi ne Delicious, da Joshua Schachter ya kafa a 2003, wanda ya yaɗa dabarar laƙabi a duniya. Yahoo ta saye shi a Disamba 2005, ta sayar a 2011, ya yi ta sauya hannu har 2017 lokacin da mai Pinboard ya saye shi ya tsayar da sabuwar ajiya. Xmarks ya rufe a 2018. Google da kanta ta rufe Google Bookmarks a ƙarshen Satumba 2021. Pocket, wanda Mozilla ta saka cikin Firefox kafin ta saye shi a 2017, ya daina aiki a Yuli 2025. Yawanci akan ba mutane wa'adi su kwashe kayansu, amma sanarwar ta imel take zuwa, mu kuwa nawa ne cikinmu ke buɗe imel? Ba ina cewa kada a yi amfani da irin waɗannan ba. Wasu suna nan suna aiki, kuma suna da kyau. Amma wanda ya zuba hatsinsa a rumbun maƙwabci ya kamata ya bar tiya kaɗan a gida.

Tiyar gida a nan ita ce fitar da alamomin zuwa fayil ɗaya. A Chrome, ka buɗe ma'ajiyar da Ctrl da Maj da O, ka taɓa ɗigo ukun sama, ka zaɓi Exporter les favoris. A Firefox, cikin Bibliothèque, akwai Importation et sauvegarde, a ƙarƙashinsa fitarwa zuwa HTML. Fayil ɗin da zai fito ƙarami ne, bai kai nauyin hoton biki ɗaya ba a mafi yawan lokuta, kuma tsarinsa tun zamanin Netscape yake, shi ya sa kowace burauza ke karɓarsa. Ko ba ka shigar da shi ko'ina ba, idan ka danna shi zai buɗe kamar shafi, adireshin a jere, ka nema da Ctrl da F. Ka sa shi a kile USB, ka tura wa kanka ta imel, ka maimaita duk wata biyu ko uku. Abu ɗaya da za a lura: laƙabin Firefox ba sa bin ka idan ka koma Chrome, sunaye da dosiye kaɗai ke tsallakawa. Wannan ma wani dalili ne na ba suna muhimmanci. Chrome ta waya ba ta da maɓallin fitarwa. Wanda ba shi da kwamfuta sai ya bi ta Google Takeout, inda ake sauke kwafin bayanan asusu, ciki har da alamomin.

Adireshi ba shi ne shafin ba

Wannan shi ne inda mutane suka fi yaudarar kansu. Alamar shafi kwatance ce kawai, kamar a ce maka gidan wane yana bayan masallacin Juma'a. Idan an rushe gidan, kwatancen na nan, amma ba za ka tarar da kowa ba. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da wani nazari a Mayu 2024, wanda ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke akwai a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara 10. A nan gida ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Ma'aikatu na sauya suna duk lokacin da aka yi garambawul, a haɗe biyu, a raba ɗaya, a gina sabon shafi a bar tsohon ya mutu. Kamfanoni ma haka: Celtel ta zama Zain, Zain ta zama Airtel, Orange Nijar ta zama Zamani. Sanarwar konkur kuwa sau da yawa ana cire ta da zarar wa'adi ya cika, daidai lokacin da ɗan takara zai buƙaci ya nuna abin da aka rubuta game da shekarun haihuwa ko takardun da aka nema.

Saboda haka duk abin da zai iya zama hujja wata rana, kada a tsaya ga alama, a ajiye shafin kansa. A kwamfuta, Ctrl da P, sannan a wurin zaɓen na'urar buga takarda a zaɓi Enregistrer au format PDF. A Chrome ta Android, kibiyar da ke kallon ƙasa kusa da tauraron tana sauke shafin yadda za a karanta shi ko babu rezo, kuma ta hanyar Partager da Imprimer ana iya mayar da shi PDF. Opera Mini ma tana da ajiyar shafi don karantawa ba tare da intanet ba. Hoton allo, wanda shi ne al'adarmu, ya fi babu, amma ba ya nuna cikakken adireshi, ba a iya neman kalma a cikinsa da sauƙi, kuma yana nutsewa cikin dubban hotuna. PDF daga kwamfuta yakan fito da adireshi da kwanan wata a gefen takardar idan an bar zaɓin en-têtes et pieds de page a kunne.

Hanya ta biyu ita ce a sa wani ya zama shaida. Internet Archive, wata ƙungiya da Brewster Kahle ya kafa a Amurka a 1996, tana ɗaukar kwafin shafukan duniya, kuma tun 2001 kowa na iya duba su ta Wayback Machine a web.archive.org. Idan alamarka ta mutu, kwafi adireshin ka liƙa a can, sau da yawa za ka tarar da yadda shafin yake a da. Kana kuma iya sa ta ɗauki kwafi yanzu-yanzu ta akwatin Save Page Now. Masu kwamfuta na iya mayar da wannan aiki maɓalli ɗaya: a ƙirƙiri sabuwar alama a layin sama, a sa mata suna "Adana", a gurbin adireshi kuma a rubuta javascript:location.href='https://web.archive.org/save/'+location.href. Duk shafin da kake kai, idan ka danna ta, za ta aika shi ma'ajiyar. Irin wannan alama ƴar ƙaramar manhaja ce, tana aiki a cikin shafin da ka buɗe, don haka kada ka taɓa liƙa makamanciyarta da wani ya turo maka ba tare da ka san abin da take yi ba, musamman idan an ce za ta ba ka mega kyauta. Kuma a tuna kwafin da aka aika can na kowa ne. Shafin da ke ɗauke da sunanka, sakamakonka ko lambar dosiyenka, PDF ya dace da shi, ba ma'ajiyar jama'a ba.

Ga wanda waya kaɗai gare shi

Mafi yawan masu karanta wannan shafi a waya suke karanta shi, kuma ba a burauza suke fara cin karo da adireshi ba, a WhatsApp ne ko Facebook. Idan ka taɓa adireshi a Facebook, a cikin ƴar burauzarsa ta ciki yake buɗewa, wadda ba ta haɗe da ajiyarka. Ka taɓa ɗigo uku, ka zaɓi a buɗe a Chrome ko burauzar waje, sannan ka danna tauraro. A WhatsApp kuma ana iya danne saƙo a sa masa tauraro, ko a tura shi cikin hirar da mutum ke yi da lambarsa, abin da manhajar ta ba da dama tun ƙarshen 2022. Idan ka tura, ka rubuta kalma biyu ko uku a ƙarƙashi, don binciken WhatsApp ya samu abin kamawa. Wannan zango ne mai kyau, amma ba masauki ba ne, tunda wanda bai kunna ajiyar hirarrakinsa ba yana iya rasa su duka ranar sauya waya.

Shafukan da kuɗi ko takardun shaida ke bi ta cikinsu, kamar na banki, na rajistar jami'a, na neman biza, su ya kamata a fara yi wa alama, kuma a yi ta ranar da aka tabbatar da adireshin daga majiya ta gaskiya, misali takardar da hukumar ta buga ko allon sanarwarta. Daga nan kada a sake shiga ta adireshin da aka turo a zaure, komai kamarsa da na gaske. Masu damfara harafi ɗaya suke sauyawa, ko su ƙara kalma a ƙarshe, kuma ido ba ya kama wannan a ƙaramin allo. A Android, Ajouter à l'écran d'accueil na ɗora shafin a fuskar waya kamar manhaja, abin da ya dace a yi wa iyayen da ba sa karanta boko amma suna gane tambari.

A sibar kuwa, ko kwamfutar ofis da mutum biyar ke amfani da ita, kada ka kunna synchronisation. Idan ka shiga Chrome da asusunka ka manta ba ka fita ba, wanda ya zauna bayanka ya gaji alamominka, wataƙila har da kalmomin sirrin da ka ajiye. Tagar navigation privée ma ba ta ɓoye alama: tarihi take sharewa idan an rufe, amma duk shafin da ka sa wa tauraro a cikinta yana nan ga mai zuwa. A irin wannan wuri ka zo da fayil ɗinka na HTML a kile, ka buɗe shi kamar shafi, ka danna adireshin da kake buƙata, idan ka gama ka zare kilenka ka biya mai sibar kuɗinsa.